Gonar Jama'a: Daga Gayya Zuwa Mokwa

Tun bayan sallar layya ake ta kai-kawo a kan filin nan na bayan makarantar Islamiyya. Wasu sun ce a yanka shi fuloti-fuloti a sayar tunda ƙasa ta yi tsada. Matasa kuma sun ce a mai da shi gonar jama'a, yara su koyi noma da tattalin ƙasa, abin da aka girbe a zuba wa makaranta. An tambaye ni a zaure, na ce gara in rubuta, don maganar zaure iska ke kwashe ta.

Gonar da ba ta mutum ɗaya ba daɗaɗɗen abu ne a wurinmu. Kakanninmu a gandu suka tashi: uba da 'ya'yansa da ƙannensa su yi aiki tare har azahar, hatsi ya shiga rumbu ɗaya, da yamma kowa ya wuce gayaunarsa. In aiki ya fi ƙarfin gida sai a kira gayya, a dama fura, makaɗi ya ɗauki ganga. Akwai kuma gonar malam. Ni kaina na yi mata noma ranakun Alhamis, kuma a can na san bambancin gero da ciyawa tun suna tsiro, abin da ɗana na fari bai sani ba har yau, ga shi da takardar jami'a. Iyayenmu da kasuwanci ya kawo su wannan yanki aron gona suka yi a hannun Gwarawa masu ƙasa, a wurinsu suka koyi tara kunyar doya. Kada mu manta da wannan.

A 1976 gwamnatin Murtala ta yanke a gina sabon babban birni, tsohuwar Abuja ta bar sunanta ta koma Suleja, aka taso mutanen Wuse zuwa Sabon Wuse. Da gwamnati ta tare a 1991 kuwa, gonakin bakin titin Kaduna suka riƙa komawa gidajen haya, itatuwa suka koma buhunan gawayi.

To, amma labarin da nake so masu son gonar su ji shi ne na Mokwa, a nan jiharmu ta Neja. Bayan yaƙin duniya na biyu Ingila ta shiga ƙarancin man girki, ido ya koma kan gyaɗa. A 1949 gwamnatin Nijeriya ta lokacin da hukumar raya ƙasashen mulkin mallaka ta Ingila suka haɗa jari suka buɗe ƙatuwar gona a dajin Mokwa. Aka kawo tarakta, aka share daji, aka gina sababbin ƙauyuka, aka nemo manoma su zauna. A takarda abin gwanin sha'awa: za a koya wa baƙar fata noman zamani, kamfani kuma ya ci riba. Kowane magidanci aka ɗora masa eka 24 ya kula da ita a shekara. In an girbe, kamfani ya ɗauki kashi biyu cikin uku, manomi ya tashi da ɗaya.

Ga inda gizo ya yi saƙa. Tarakta tana huɗa, amma ba ta noman farko, ba ta maimai, ba ta cirar gyaɗa. Duk wannan da fartanya ake yi. Wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san miji da mata da 'yan yara biyu ba su gama noman eka 24 kafin ciyawa ta shanye shuka. Ga shi an raba mutum da danginsa, babu gandu, babu wanda zai kira gayya. Ba shi ke zaɓen abin da zai shuka ba, ba shi ke sa ranar shuka ba, sai abin da bature ya rubuta. Ni ɗan kasuwa ne, na san in yaron shago ya ga wahalarsa ta fi rabonsa, ba sai an sallame shi ba. Haka aka yi, manoma suka riƙa sulalewa, sababbi suka ƙi zuwa. A 1954 hukumar ta Ingila ta janye da asara, ta bar wa gwamnatin Jihar Arewa wurin. Wani bature mai suna Baldwin ya rubuta littafi sukutum a kan wannan faɗuwa a 1957.

Shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 da na Shagari a 1980 ba sai na tsaya a kansu ba. An raba taki, makarantu sun buɗe gonaki, da gwamnati ta sauya sai kwano ya rufe filayen.

Abin da ya ɗore kuwa a Maraɗi ya faru, ba tarakta ba jari. Wajen 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura kututturan da manoma ke sassabewa duk shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka riƙa barin tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a sare sauran. Mutanen can suka sa masa suna sassabin zamani. Da farko an yi wa masu yi dariya, amma bayan yunwar 1984 manomi ya ga gonar maƙwabcinsa ta yi kyau, ya kwaikwaya. Yau ana ƙiyasin kadada miliyan 5 a kudancin Nijar sun sake yin itatuwa, gawo da kalgo da sabara.

Ra'ayina, kada a sayar da filin. Amma kada matasa su ɗebo abin da ba za su iya nomewa ba. A fara da rabi, a bar rabi ya huta. A kuma yi shi wakafi a rubuce, yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibara: asalinta ba a sayarwa, ba a gado, amfaninta ake bayarwa. Na taɓa ganin gonar wani masallaci da aka bari a kan amanar baki, da dattawan da suka shaida suka rasu sai magada suka zo da mai awo. A kuma faɗi tun yanzu wa zai riƙe makullin rumbu, da nawa ne rabon yaran da suka yi aikin.

Ni dai na ɗauki alkawarin fartanya goma da irin wake mudu biyar daga shagona, ranar da aka sa hannu a takardar gaban mai unguwa. Kafin nan, don Allah kada wanda ya taɓa ɗorawar nan da kaɗanyar da ke bakin filin.