Daga Sandar Ƙyaure Zuwa Barista: Tarihin Kalmar "Bar" ta Ingilishi

Duk Bahaushen da shari'a ta taɓa kai shi babbar kotu ya san barista, amma ba kowa ne ya san cewa sunan wannan lauya daga sandar tokare ƙofa ya samo asali ba. Tushensa shi ne kalmar Ingilishi "bar". Ita kanta baƙuwa ce a Ingila, domin daga Faransanci aka aro ta, a zamanin da harshen ya zama na fada da na shari'a, wato bayan da mutanen Nomandi suka ci ƙasar da yaƙi a 1066. Ma'anarta ta fari ita ce doguwar sanda, ta itace ko ta ƙarfe, wadda ake gittawa a bayan ƙyaure ko a kan hanya don hana wucewa.

Daga ƙyauren ɗaki sai ta koma ƙofar gari. A yammacin tsohon birnin Landan akwai wurin da ake kira Temple Bar, inda a da ake gitta sarƙa ko sanda don nuna iyakar ikon birnin. A 1672 aka kammala ƙofar dutse a wurin, aka riƙa tsire kawunan waɗanda aka kashe bisa laifin cin amanar ƙasa a bisanta. Da ta matse wa kekunan doki hanya sai aka kwance ta a 1878.

A fagen shari'a ne kalmar ta fi yin rassa. A kotunan Ingila akwai shingen katako da ya raba alƙali da jama'a, kuma a gabansa wanda ake tuhuma yake tsayawa. Haka nan a gidajen horar da lauyoyi guda huɗu na Landan, shinge ne ya raba manya da ɗalibai. Idan ɗalibi ya ƙware, sai a kira shi ya matso ga shingen, a ba shi izinin magana. Wanda aka yi wa wannan kira shi ne "barrister", har daga baya ƙungiyar lauyoyin baki ɗaya ta gaji sunan katakon. Ɗan Nijeriya na farko da aka yi wa kiran shi ne Christopher Sapara Williams, a 1879. Kafin a kafa makarantar horar da lauyoyi ta Ikko a 1962, duk mai neman wannan muƙami sai ya ƙetare teku.

Ita ma mashayar Turawa daga kantar da ta raba mai sayarwa da mai saye ta sami sunan "bar".

Cikin danginta akwai "barrier", wato shamaki, da "embargo", wato takunkumi, wadda ta ratso ta harshen Sifaniya. Akan haɗa da "barricade", shingen da masu bore suke yi a kan titi, amma masana da yawa sun danganta ta ne da kalmar Faransanci mai nufin ganga. Hujjarsu ita ce boren 12 ga Mayu 1588, ranar da mutanen Paris suka cika ganguna da ƙasa da duwatsu suka tare wa sojojin Sarki Henri III hanya. Kada kuma kamancin sauti ya ruɗi mai karatu game da "bariki": ta wata kalmar Faransanci daban ta biyo, mai nufin bukkar soja.

Mafi muni a cikin ma'anonin ita ce wadda ba itace ba ƙarfe, wato "colour bar", shingen launin fata. A Afirka ta Kudu, dokar ma'adinai ta 1911 ta buɗe hanyar keɓe wa Turawa ayyukan ƙwararru. Da masu ma'adinan suka so sassauta abin a 1922, ba don tausayi ba, sai don neman arhar lebura, Turawa ma'aikata suka yi bore har sai da aka tura musu soja. A 1926 aka ƙara ɗaure dokar. Baƙin mutum, komai daɗewarsa a cikin rami, bai da ikon riƙe takardar shaidar fasa dutse da nakiya, kuma sai a 1987 aka soke wannan hani.