Yadda Kuɗin Ɗalibi da Ajiyarsa Ke Shafar Tallafin Karatun Kwaleji a Amurka

Duk ɗan zango da ke neman tallafin gwamnatin tarayya don shiga kwaleji a Amurka sai ya cike fom ɗin FAFSA. Daga abin da aka rubuta a ciki ake fitar da wata lamba mai suna SAI, wadda ta maye gurbin EFC tun shekarar karatu ta 2024–25. Ƙanƙantar lambar ita ce yawan tallafin, kuma tana iya sauka har zuwa -1,500. Da ita ake yanke rabon ɗalibi a tallafin Pell, wanda ƙololuwarsa a 2025–26 dala 7,395 ce, kuma ba a biyan sa.

Bayanin nan ya shafi ɗalibin da ke ƙarƙashin iyaye, wato galibi wanda bai kai shekara 24 ba kuma bai yi aure ba.

Fom ɗin yana duba abin da ɗalibi ya samu shekara biyu baya: na 2025–26 ya yi aiki da harajin 2023. Akwai kason da ba a taɓawa, dala 11,510 a shekarar 2025–26. Abin da ya haura haka, bayan an cire haraji, rabinsa ake ƙarawa a kan SAI. Yaron da ya samu dala 9,000 a aikin hutu babu abin da zai ragu a tallafinsa ta wannan ɓangaren, don haka iyaye su daina hana yara aiki saboda tsoro. Albashin aikin da makaranta ke bayarwa a ƙarƙashin shirin Federal Work-Study ma ba ya shiga lissafi.

Inda mutanenmu suka fi yin asara shi ne ajiya. Kuɗin da ke asusun ɗalibi ana ɗaukar kashi 20 cikin 100 nasa, na asusun iyaye kuwa bai wuce kashi 5.64 ba. Dala 5,000 da sunan yaro tana ɗaga SAI da 1,000. Da sunan uwa ko uba, 282 ne iyakarta. Kuma abin da ke cikin asusun a ranar da aka cike fom shi ake rubutawa. A nan ne adashe ke jawo matsala: uwa ta kwashi nata, ta ce wa ɗanta ya ajiye mata a bankinsa tunda shi ya iya harkar waya, ranar cike fom sai kuɗin ya fito a matsayin nasa. Haka kuɗin ƙungiya ko na wani kawu da ke jiran a aika gida. Amanar wani a mayar wa mai ita kafin ranar.

Asusun UTMA ko UGMA da aka buɗe wa yaro tun yana ƙarami nasa ne a lissafi. Asusun karatu na 529 kuwa a ɓangaren iyaye ake sa shi. Gidan da iyali ke zaune a ciki, mota da kuɗin fansho ba a ƙirga su. Amma gidan haya ko filin da aka saya a Kumasi, Accra ko Yamai dukiya ce da ake bayyanawa. Ƙarya a fom na iya jawo tarar dala 20,000, ko ɗauri, ko duka biyun.

Iyalai da yawa ba a ma tambayarsu ajiya, musamman masu karɓar Medicaid ko SNAP, da waɗanda kuɗin shigar iyaye bai kai dala 60,000 ba kuma takardar harajinsu mai sauƙi ce.

Wasu kwalejoji masu zaman kansu suna ƙara neman fom ɗin CSS Profile, wanda ya fi bin diddigi, har darajar gidan zama yakan tambaya. Idan kuma hali ya canja bayan shekarar harajin, kamar uba ya rasa aiki ko ya rasu, a je ofishin tallafi na makarantar da takardun shaida. Doka ta ba su ikon sake lissafin.