Vodka: Taƙaddama kan ɗanɗanon barasar da aka ce ba ta da ɗanɗano

Shekara da shekaru, har zuwa 2020, dokar Amurka ta riƙa bayyana vodka a matsayin barasar da ba ta da wani ɗanɗano ko ƙamshi ko launi nata na kanta. Duk da haka ana sayar da ɗaruruwan nau'o'inta a kasuwannin duniya, kuma farashin wata kwalbar kan ninka na wata sau goma ko fiye.

Tambayar ko da gaske akwai bambancin ɗanɗano tsakanin waɗannan kwalabe ta wuce teburin mashaya. Ta haddasa cacar baki a Majalisar Dokokin Tarayyar Turai, ta sa an sauya doka a Amurka, kuma a kanta aka gina cinikin miliyoyin daloli.

Mene ne vodka?

Sunan ya samo asali ne daga kalmar "voda", wadda ke nufin ruwa a harshen Rashanci da wasu harsunan gabashin Turai. Rasha da Poland sun daɗe suna jayayya kan wace ce ta fara yin ta. 'Yan Poland kan kafa hujja da wasu takardun kotu na yankin Sandomierz na shekarar 1405, inda aka ambaci kalmar, ko da yake a wancan zamani galibi magani ake nufi da ita.

Ana yin ta ne daga hatsi, ko dankalin Turawa, ko wani amfanin gona mai sitaci ko sukari. Da farko akan jiƙa shi a zuba yisti a bar shi ya tsima. Daga nan sai a dafa ruwan, a tara tururinsa a sanyaya, ana maimaitawa har sai sinadarin ethanol, wato abin da ke sa maye, ya kai kashi 95 ko 96 cikin ɗari. Bayan haka sai a surka da ruwa a sauko da ƙarfinta, galibi zuwa kashi 40. A Tarayyar Turai doka ba ta yarda ƙarfin ya gaza kashi 37.5 ba.

Kamfanoni da dama kan tace ta da gawayi, dabarar da ta samo tushe daga binciken Tobias Lowitz, wani masanin haɗa sinadarai a birnin St Petersburg, wanda a 1785 ya gano cewa gawayi na tsotse dauɗa daga cikin ruwa.

Ke nan kusan duk abin da ke cikin kwalbar ruwa ne da ethanol. Abin da ya rage, wato burbushin hatsin da ma'adinan da ke cikin ruwan, bai taka kara ya karya ba. A kan wannan ɗan burbushi ne duk muhawarar ta ta'allaƙa.

Abin da masu ɗanɗano ke cewa

A Rasha da Poland al'ada ita ce a sanyaya vodka sosai, a kwankwaɗe ƙaramin kofi gaba ɗaya, a bi da kifi mai gishiri ko baƙin burodi ko kokwamba da aka tsima. Ƙwararrun masu ɗanɗano na kamfanoni da na gasa ba haka suke yi ba. Ba sa sanyaya ta, domin sanyi na dushe ƙamshi. Sukan shinshina, su ɗan kurɓa su juya a baki, sa'an nan su tofar, saboda barasa na saurin kashe harshe.

A cewarsu, tushen da aka yi vodka da shi yana barin alama. Ta alkama, irin su Absolut ta Suwidin da Grey Goose ta Faransa, sukan ce tana da sauƙi a baki. Ta hatsin rye, wani dangin alkama mai jure sanyi wanda da shi ake yin Belvedere a Poland, sukan ce tana da ɗan yaji-yaji. Ta dankali, irin Chopin ta Poland, sukan danganta ta da kauri da santsi. Finlandia da sha'ir ake yin ta, Tito's ta jihar Texas kuwa da masara, wadda ake cewa tana da ɗan zaƙi.

To sai dai galibin waɗannan siffofi sun fi shafar yadda ruwan ke taɓa baki da maƙogwaro, kamar zafi ko santsi, fiye da ɗanɗano irin na zaƙi da ɗaci. Akwai kuma abin da kamfanoni ba su cika bayyanawa ba: dokar Amurka ta yarda a ƙara sukari har giram 2 a kowace lita, da sinadarin tsamin lemo har giram 1, ba tare da an sauya wa barasar suna ba.

A shekarar 2010 wasu masu bincike na Jami'ar Cincinnati a Amurka da Jami'ar Gwamnati ta Mosko sun auna nau'o'i biyar, suka ce sun ga bambanci a yadda ƙwayoyin ruwa da na ethanol ke haɗuwa a kowanne. Sun yi hasashen cewa mai yiwuwa wannan ne mashaya ke ji, amma binciken bai tabbatar da cewa harshen ɗan Adam na iya gane shi ba.

Idan aka rufe sunan kamfani

Gwajin da ya fi jan hankali shi ne wanda jaridar New York Times ta buga a watan Janairun 2005. Alƙalanta sun ɗanɗana nau'o'i 21 ba tare da sun san sunan kowanne ba. Smirnoff, wadda ke cikin masu araha, ita ta zo ta ɗaya. Grey Goose, mai tsada, ba ta shiga cikin goman farko ba, alhali a 1998 wata cibiyar gwajin abubuwan sha da ke Chicago ta ba ta matsayi na farko, abin da kamfanin ya daɗe yana talla da shi.

Tarihin kamfanonin biyu na nuna rawar da talla ke takawa. Pyotr Smirnov ne ya kafa kamfaninsa a Mosko a shekarun 1860. Bayan juyin juya halin 1917 ɗansa Vladimir ya tsere zuwa Turai, daga bisani kuma sunan ya koma hannun kamfanin Heublein na Amurka a 1939. Tun da Amurkawan lokacin wiski suka sani, sai aka tallata musu Smirnoff a matsayin farar wiski marar ɗanɗano, marar wari. Wato rashin ɗanɗanon ne ma aka sayar.

Bayan kusan shekaru 60, wani ɗan kasuwar Amurka, Sidney Frank, ya bi ta wata hanyar. A 1997 ya fito da Grey Goose, ya sa aka yi ta a Faransa cikin kwalba mai ƙyalli, ya kuma ɗora mata farashin da ya kusan ninka na Absolut, domin mai saye ya ɗauka tsada ce shaidar inganci. A 2004 ya sayar da ita ga kamfanin Bacardi kan kuɗi kimanin dala miliyan dubu 2.

Wani abin la'akari kuma shi ne, a Amurka da yammacin Turai yawancin mashaya gauraya vodka suke yi da ruwan lemo ko na tumatir ko wani abin sha mai zaƙi, wanda ke danne duk wani ɗan bambancin da ake magana a kai.

Rikicin vodka a Turai

Lamarin ya zama na siyasa bayan da kamfanin Diageo na Birtaniya ya fito da Cîroc a 2003, wadda ake yi da inabi a Faransa. Poland da Finland da Suwidin da ƙasashen yankin Baltic sun tashi haiƙan, suna neman a taƙaita sunan vodka ga wadda aka yi da kayan gargajiya irin su hatsi da dankali. Hujjarsu ita ce tushen abu na sauya ɗanɗanonsa, kuma an riga an kāre sunan wiski da irin wannan doka.

Birtaniya da wasu ƙasashe masu yin ta da wasu kayan sun ce sam, bayan irin wannan tacewa babu wani bambancin a zo a gani. Masu lura da al'amura sun ce ko ma wane ne ke da gaskiya, kasuwa kowane ɓangare ke kārewa.

A watan Yunin 2007 Majalisar Dokokin Turai ta amince da sulhun da wani ɗan majalisa daga Jamus, Horst Schnellhardt, ya gabatar. An yarda a yi vodka da kowane amfanin gona, amma idan ba hatsi ko dankali ba ne, wajibi ne a rubuta abin da aka yi ta da shi a jikin kwalba. Poland ba ta gamsu ba. Tun daga 2013 dokarta ta tanadi cewa ba za a kira barasa "vodkar Poland" ba sai an yi ta a cikin ƙasar, da dankali ko wasu keɓaɓɓun hatsi da aka noma a can.

Ita ma Amurka ta sauya matsayi a 2020, lokacin da hukumar kula da harajin barasa ta soke sharaɗin nan na rashin ɗanɗano da ƙamshi daga dokarta.

Rasha: haraji da rayuka

A Rasha batun ya fi ɗanɗano nauyi. A 1894 gwamnatin sarki, ta hannun ministan kuɗi Sergei Witte, ta kafa dokar karɓe cinikin vodka, kuma kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shigar ƙasar daga nan yake fitowa. Akan ce masanin kimiyya Dmitri Mendeleev ne ya gano cewa kashi 40 shi ne ma'aunin da ya fi daɗi. Gaskiya ne ya rubuta kundin digirinsa a 1865 kan gaurayar barasa da ruwa, amma masana tarihi sun ce ma'aunin ya samo asali ne daga tsarin karɓar haraji.

A 1985 shugaban Tarayyar Sobiyet Mikhail Gorbachev ya taƙaita sayar da barasa zuwa tsakanin ƙarfe 2 na rana da 7 na yamma. Mace-macen maza sun ragu, amma baitulmali ya yi asara, sukari kuma ya yi ƙaranci saboda masu dafa barasa a gida. Kafin ƙarshen shekarun 1980 an yi watsi da shirin.

Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2014, wanda ya bi diddigin mutane 151,000 a biranen Barnaul da Biysk da Tomsk, ya ce kashi 25 cikin ɗari na mazan Rasha kan mutu kafin shekara 55, alhali a Birtaniya kashi 7 ne, kuma ya ɗora babban alhakin a kan vodka. Alƙaluman hukuma na nuna cewa yankunan Musulmi na arewacin Caucasus, irin su Chechnya da Ingushetia da Dagestan, su ne mafiya ƙarancin shan barasa a ƙasar.

Daga bisani gwamnati ta ƙara haraji, ta hana talla, ta kuma ƙayyade mafi ƙarancin farashin vodka daga 2010. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shan barasa a Rasha ya ragu da kashi 43 cikin ɗari tsakanin 2003 da 2016.

Abin da harshe ba ya ganewa

Bambancin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne wanda ɗanɗano ba ya nunawa. Masu yin jabu kan yi amfani da methanol, wani sinadarin masana'antu mai araha da ke kama da ethanol a launi da wari. Hanta na mayar da shi guba mai lalata jijiyar gani. Kimanin cokali biyu na shayi na iya makantar da mutum, abin da ya ɗan fi haka kuma na iya kisa, sa'an nan alamun kan ɗauki sa'o'i 12 zuwa 24 kafin su bayyana.

A 2001 mutane 68 ne suka mutu a yankin Pärnu na Estonia bayan shan irin wannan jabu. A 2012 fiye da mutane 40 sun rasa rayukansu a Jamhuriyar Czech, inda aka zuba gubar cikin kwalabe masu ɗauke da tambarin vodka da wasu barasa, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da sayar da duk barasar da ƙarfinta ya kai kashi 20 na wani ɗan lokaci. A watan Disambar 2016 fiye da mutane 70 sun mutu a birnin Irkutsk na Saiberiya, bayan da suka sha wani ruwan wanka mai araha a madadin vodka.

Ko da ba jabu ba ce, likitoci sun ce tsadar kwalba ko yawan tace ta ba sa rage illa, domin ethanol ɗin da ke ciki iri ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya barasa cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji, kuma ta ƙiyasta cewa ta yi sanadin mutuwar mutane miliyan 2 da dubu 600 a faɗin duniya a shekarar 2019.