Hukuncin Kwalekwale Mai Aibi a Gaban Alƙalan Dā

Tun kafin Nasara su zo, mutanen bakin Kwara, daga Sarkawa masunta zuwa Gungawan tsibiran Yawuri, suna saye da sayar da jiragen ruwa a tsakaninsu, kuma da yake samun gungumen maɗaci da zai isa a sassaƙa babban jirgi ba abu ne mai sauƙi ba a ƙasar Arewa, jirgi guda yakan ratsa hannun mutum biyu ko uku kafin ya mutu. Bature Barth, sa'ad da ya ƙetare kogin a Sayi cikin 1853, ya tarar da jiragen wurin gungume biyu ne aka fafe, aka ɗinke su a tsakiya. Jirgin da aka ɗinke kuwa, mai son zamba yana iya cusa tsumma a tsagarsa, ya shafe da danƙo, ya kai shi mashaya yana ƙyalli, ba za a gane yoyonsa ba sai an ɗora masa buhunan albasa ya nutsa har kusa da baki.

In haka ta auku, mai saye yakan kai ƙara gaban alƙali, shi kuwa alƙali ya duba abin da fuƙaha'un mazhabar Imamu Malik suka tabbatar a babin hiyarul aibi, cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin, da Muhtasar na Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim. Asalin hukuncin shi ne, wanda ya sayi abu, sa'an nan ya tarar da aibin da ya riga ciniki, wanda kuma ba a nuna masa ba, yana da zaɓi, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe a yadda yake. In kuma wani sabon aibi ya auku a hannunsa, to, ko ya riƙe a biya shi bambancin ƙima, ko ya mayar ya biya abin da sabon aibin ya rage. Sanin ko tsagar tsohuwa ce ko sabuwa aikin masana ne, watau masassaƙa da irin su Sarkin Jirgi, waɗanda in sun ƙwanƙwasa itace da ƙotar gizago suna jin inda ya ruɓe.

Akwai mas'ala guda da ta shafi jirgi kai tsaye, wadda a ganina ta nuna zurfin nazarin malaman nan. Aibin da ba ya bayyana sai an fasa abu, kamar ƙwaron da ke cin itace daga ciki, ba a mayar da ciniki saboda shi, domin mai sayarwa da mai saye duk jahilcinsu ɗaya ne a kansa, sai fa in an gindaya sharaɗi. Amma wanda ya san aibi ya ɓoye, wannan tadalisi ne, kuma in abin ya halaka ta sanadin aibin da ya ɓoye, dukan kuɗin zai mayar. Mai saye ma da nasa nauyin, gama in ya ga yoyo ya ci gaba da fito da jirgin yana karɓar kuɗin mutane, an ɗauka ya yarda, haƙƙinsa ya faɗi.

Dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893, wadda ta shigo Nijeriya tare da mulkin Turawa, ta bi wata hanya dabam: lamunin ingancin kaya ta ɗora shi a kan wanda sana'arsa ce sayar da irin kayan, wanda ya saya a hannun maƙwabcinsa kuwa, shi ya kamata ya buɗe ido. Kotunan alƙalai sun ci gaba da nasu hukunci ƙarƙashin En'e har 1968, shekarar da suka koma hannun gwamnatocin jihohi, wadda kuma a cikinta aka gama madatsar Kainji, ruwa ya shanye tsibirai da yawa na Yawuri. Fiƙihu bai raba ɗan kasuwa da masuncin da ya sayar da tsohon jirginsa ba, kowannensu wajibi ne ya bayyana aibin da ya sani, kuma ga talakan da ya haɗa kuɗin jirgi da gumin shekara, wannan hukunci ya fi na Ingila adalci.