Ƙa'idojin sanya sunayen gargajiya a kwalaben giyar inabin Kuroshiya

Tun da Kuroshiya ta shiga Tarayyar Turai ranar 1 ga Yulin 2013, sunayen gargajiya da ake bugawa a kwalaben giyar inabinta suka koma ƙarƙashin dokar Tarayyar. Ba a rubuta "kvalitetno vino", wato mai inganci, ko "vrhunsko vino", wato mafi daraja, sai an tabbatar da yankin da aka noma inabin, an kuma gwada giyar. "Kasna berba" na nufin inabin da aka jinkirta tsinkarsa, "ledeno vino" kuwa wanda aka tsinka bayan ya daskare a bishiyarsa.

Suna shi ne jarin manomi a kasuwa, shi ya sa ake jayayya a kansa. Italiya ta ƙalubalanci neman kariya ga Prošek, giya mai zaƙi ta yankin Dalmatiya, tana cewa masu saye za su ɗauka Prosecco ce. Sloveniya kuma ta kai ƙara kan sunan Teran, amma a 2020 kotun Tarayyar ta yi watsi da ƙarar. An yarda manoman Istra su rubuta shi, muddin yana tare da "Hrvatska Istra" kuma haruffansa sun fi ƙanƙanta.