Yadda Farin Beyar Ya Shiga Kotun Amurka

A shekarar 1973 ƙasashe biyar, wato Kanada da Denmark da Norway da Tarayyar Sobiyet da Amurka, suka rattaba hannu a birnin Oslo kan yarjejeniyar kare farin beyar, dabbar da ke zaune a kan ƙanƙarar tekun Arktik. A wancan zamani maharba ne abin tsoro. A shekarar ce kuma Amurka ta kafa dokar kare halittun da ke fuskantar ɓacewa.

Bayan shekara talatin sai matsalar ta sauya kama. Beyar a kan ƙanƙara yake farauta, ita kuwa ƙanƙarar hotunan tauraron ɗan Adam tun daga 1979 sun nuna tana raguwa. A watan Fabrairun 2005 ƙungiyar Center for Biological Diversity ta nemi gwamnati ta sa beyar cikin jerin dabbobin da dokar ta kare. Da aka yi ta jan ƙafa, sai ta haɗa kai da Greenpeace da NRDC suka shigar da ƙara.

Kotu na iya tilasta wa gwamnati ta yanke hukunci a kan lokaci, amma dokar ta ce a dogara da mafi ingancin binciken kimiyya. A watan Satumban 2007 masanan hukumar USGS suka yi hasashen cewa kashi biyu cikin uku na fararen beyar na duniya za su iya ƙarewa zuwa tsakiyar wannan ƙarni. A watan Mayun 2008 Sakataren Harkokin Cikin Gida, Dirk Kempthorne, ya ayyana beyar a matsayin dabbar da ke cikin barazana.

Sai dai an ba da da hannun dama ne, aka karɓe da hagu. Gwamnati ta haɗa da wata ƙa'ida da ta hana amfani da wannan hukunci wajen taƙaita hayaƙin masana'antu, wanda shi ne ummul-haba'isin narkewar ƙanƙarar. Jihar Alaska da ƙungiyoyin maharba sun ƙalubalanci hukuncin, amma kotu ta tabbatar da shi a 2011, kotun ɗaukaka ƙara ma ta bi sahu a 2013.

Wannan hanya ta iso har yankinmu. Ƙungiyar da ta fara maganar beyar tana cikin waɗanda suka nemi a kare raƙumin dawa a 2017. A watan Nuwamban 2024 hukumomin Amurka suka gabatar da shawarar sa raƙumin dawan Afirka ta Yamma, irin na yankin Kure a Jamhuriyar Nijar, cikin jerin masu fuskantar ɓacewa.