Farautar Dawaki a Ingila: Annoba Biyu, Hukunci Biyu

A wannan makon za mu leƙa karkarar Ingila, mu duba wata tambaya da ta tayar da ƙura a can lokacin korona: shin ya dace mutane su taru a kan dawakai su fita farauta alhali annoba na cin rayuka? Amsar ba ta fitowa fili sai an jera shekarar 2001 da ta 2020, domin a kowace ɗaya mafarautan sun haɗu da annoba, kuma yadda aka ɗauki ta farko ya sha bamban da yadda aka ɗauki ta biyu.

Farautar da ake magana a kai ba ta neman nama ba ce. Yanyawa ake bi, wata dabba dangin dila, kuma ba a cin ta. Garken karnuka ne ke bin warinta, mahaya na biye da su a sukwane suna tsallake shinge da kwazazzabo. Wanda ake danganta wa tsarin farautar na zamani shi ne Hugo Meynell, wanda ya karɓi jagorancin ƙungiyar farauta ta Quorn a yankin Leicestershire a 1753, ya yi kiwon karnuka masu gudu da juriya. Daga nan abin ya zama al'adar masu filaye da masu hannu da shuni, da tufafinta da ƙahonta da ladubbanta. Kakarta kan kankama a watan Nuwamba ta kai wajen Maris.

Sai dai farautar na da wani rauni tun asali: yanyawa ba ta san iyakar gona ba. Duk inda ta kutsa, nan karnuka da dawakai za su bi. A 1878 wata kotun Ingila, a shari'ar da aka sani da Paul da Summerhayes, ta yanke cewa mafarauci ba shi da hurumin shiga filin wani idan mai filin ya hana. Tun daga lokacin, numfashin farautar yana hannun manomi. Shi ya sa ƙungiyoyin suke lallaɓa manoma, suna gyara shingen da dawakai suka karya, suna kwashe musu dabbobin da suka mutu a gona. Ranar da manomi ya rufe ƙofa, farauta ta tsaya.

A watan Fabrairun 2001 aka gano cutar ƙafa da baki, wadda makiyaya ke kira boru, a jikin aladu a wata mayanka da ke Essex. Cutar ba ta kama doki ko kare, amma kofaton doki da ƙafar kare da takalmin mutum duk suna iya ɗaukar ƙwayarta daga wannan gona zuwa waccan. Cikin 'yan kwanaki aka dakatar da farauta a faɗin ƙasar, kuma ba a koma ba sai watan Disamba, shi ma da sharuɗɗa. An rufe hanyoyin ƙafa na karkara. An soke babbar gasar sukuwar Cheltenham. An ɗage zaɓen da aka shirya yi a watan Mayu zuwa 7 ga Yuni. Kafin a shawo kan cutar, an kashe dabbobi sama da miliyan 6, ana ƙona gawarwakinsu a fili.

Wata goma ba farauta, kuma babu wata gardama mai ƙarfi daga mafarautan. Dalilin a bayyane yake. Wanda cutar za ta kassara shi ne mutumin da suke bi ta gonarsa, wanda suka san sunansa da na 'ya'yansa. Da yawa daga cikin mahayan ma manoma ne. Wanda ya kai cuta garken maƙwabcinsa ba zai sake samun fuskar roƙon hanya ba.

Tsakanin annobar biyu, farautar ta sauya kama. Duk da zanga-zangar mutum kusan 400,000 a Landan a watan Satumban 2002, majalisa ta zartar da dokar 2004 da ta haramta farautar yanyawa da karnuka a Ingila da Wales, ta fara aiki ranar 18 ga Fabrairun 2005. Ƙungiyoyin ba su watse ba. Suka koma bin warin da mutum ya riga ya ja a ƙasa da tsumma. Masu adawa sun daɗe suna zargin cewa wasu na fakewa da wannan su ci gaba da kisan yanyawa. Abin lura a nan shi ne, bayan 2005 babu mai iya cewa fitar ta zama dole don kare kaji da 'yan raguna. Ta zama wasa da zumunci.

Sai ga korona. Gasar Cheltenham, wadda asalin tsallake-tsallakenta daga farauta ya samo tushe, an yi ta daga 10 zuwa 13 ga Maris 2020, aka ƙirga shigar 'yan kallo kusan 250,000 cikin kwana huɗu. Ana tsakiyarta ne, ranar 11 ga wata, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar duniya. Kwana goma bayan tashi daga gasar, Firaminista Boris Johnson ya sanar da kulle. Taron da aka soke saboda shanu da tumaki a 2001, an bar shi ya gudana da cutar ta zama ta mutane.

Rigimar farauta kanta ta taso ne a watan Satumba. Ranar 14 ga wata aka fara dokar da ta hana taron fiye da mutum shida a Ingila, da tarar fam 100 ga wanda ya karya. Dokar ta ware wasannin motsa jiki da ake shiryawa a fili, masu harbin tsuntsaye da bindiga suka samu shiga, ƙungiyoyin farautar dawaki su ma suka ci gaba da fita a ƙarƙashin wannan sassauci. A daidai lokacin, mutum 30 kawai aka yarda su halarci jana'iza, kuma kafin watan ya ƙare aka rage mahalarta ɗaurin aure zuwa 15. Mai 'ya'ya biyar ba shi da damar karɓar baƙuncin mahaifiyarsa a gidansa, amma mahaya da dama na iya haɗuwa a bakin daji. Da aka sake kulle daga 5 ga Nuwamba zuwa 2 ga Disamba, da kuma a Janairun 2021, farautar ta tsaya.

Adalci ne a saurari hujjar mafarautan, domin ba ta banza ba ce. Ƙwayar korona ta fi yaɗuwa a rufaffen wuri, a fili kuwa iska na tarwatsa ta. Mutum a kan doki da wuya ya matsu da wani. Karnuka da dawakai suna buƙatar abinci da motsa jiki ko da kulle ko babu, kuma albashin masu kula da su daga kuɗin mahaya yake fitowa. Ba su kaɗai aka yi wa sassaucin ba, 'yan ƙwallo ma sun samu.

Amma farauta ba ta fara a kan sirdi ta ƙare a kan sirdi ba. Akwai haɗuwar safe da shaye-shayenta, akwai mutanen gidaje daban-daban a mota ɗaya, akwai 'yan kallo, akwai zaman hira bayan an sauka. Sannan tsallake shinge a guje wasa ne da ake karyewa a cikinsa. Wanda ya faɗi daga doki motar asibiti zai buƙata da gado, a lokacin da likitoci ke neman inda za su kwantar da masu numfashi da ƙyar. Na uku, wanda ya fi nauyi a ganina, dokar annoba da yardar jama'a take tafiya. Idan talaka ya ga an ɗaure shi an kwance wa mai doki, sai ya fara tambayar don me shi zai bi.

Saboda haka hukuncina shi ne: hawa doki a fili ba shi ne laifin ba, taruwar ce da neman alfarmar. A 2001 wanda zai cutu yana riƙe da makullin ƙofa, don haka aka tsaya ba musu. A 2020 wanda zai cutu tsoho ne a gidan kula da tsofaffi, ko ma'aikaciyar jinya a wani gari, mutanen da ba su da gonar da za su hana a bi. Halin dattaku shi ne a tsaya domin su kamar yadda aka tsaya domin mai gona.

Mu ma mun san wannan awon. A 2020 an soke hawan Sallah a Kano saboda korona, masu dawakai da maɗinka kayan doki da makaɗa suka yi asara, amma da annobar ta wuce hawan ya dawo. Al'ada tana jure hutun shekara. Duk wanda zai rubuta labari ko tarihi a kan zamanin korona, ya riƙa tambayar wa aka hana, wa aka ƙyale, kuma wa ya biya kuɗin ƙyalewar.

Allah Ya kiyaye mu daga annoba. Sai na ji ra'ayoyinku.